RAM ɗina ne jabu, ko haɗin ne? Amsa ga mai harhaɗa kwamfuta a kan allon gwaji

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a Gombe, ina harhaɗa ƙaramar kwamfuta a kan biredbod, wato allon gwaji. Ina da furosesa W65C02, da EEPROM AT28C256, da 65C22 a adireshin $6000 mai tura rubutu zuwa ƙaramin LCD. Shirin farko da na rubuta ya yi aiki lafiya lau. Amma tunda na ƙara RAM 62256 na fara amfani da JSR da RTS abu ya rikice: wani lokaci rubutu ya fito daidai, wani lokaci shirme, wani lokaci ta tsaya cak. Da agogon 555 mai tafiya a hankali da sauƙi, da kiristal na 1 MHz kuwa ba ta taɓa yin daidai ba. Ƙafar CE ta RAM na haɗa ta kai tsaye da A15, WE da RW, OE kuma na kai ta giraun. Na sayi wani RAM na canza, duk kanwar ja ce. Ko duka biyun jabu aka sayar mini?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Abin da kake son sani shi ne: kwamfutar da ta yi aiki kafin zuwan RAM ta rikice bayan zuwansa, to laifin IC ɗin ne, wato guntun RAM ɗin kansa, ko na wani abu dabam? Daga yadda ka bayyana haɗinka, ina da ƙarfin zaton RAM ɗin nan biyu lafiyarsu ƙalau. Riƙe kuɗinka, kada ka sayi na uku tukuna. A shekarun da na yi ina duba furojet ɗin ɗalibai a nan Bauchi, galibin allunan da ake kawo mini da kukan memori ya mutu sai in tarar memorin yana nan da ransa. Ciwon yakan kasance a layukan da ke gaya masa lokacin karatu da lokacin rubutu, ko a wutar da ke isa gare shi, ko a ƙafa ɗaya da ba ta zauna cikin raminta ba. A naka kuwa, kurakurai biyu suna nan a fili cikin saƙon da ka turo, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya haifar da abin da kake gani.

Dalilin da ya sa JSR ne ya tona asiri

Shirinka na farko bai buƙaci RAM ba ko kaɗan. Furosesa ta ɗauko umarni daga EEPROM, ta miƙa harafi ga 65C22, ta koma ta ɗauko na gaba. JSR ne umarni na farko da rayuwarsa ta rataya a kan RAM. Dangin 6502, tun na asali da kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975, suna ajiye sitak ɗinsu, wato wurin ajiyar wucin gadi a cikin RAM, a shafi ɗaya tak, daga $0100 zuwa $01FF (lambobin adireshi da na bayit a nan na hexadecimal ne, ƙirga mai tushe 16), kuma ba a matsar da shi. Idan furosesa ta ci karo da JSR, sai ta rubuta adireshin komawa a sitak, bayit biyu, sannan ta tafi inda aka aike ta. RTS kuma ya karanto bayit biyun nan, ya ƙara ɗaya, ta koma can. A ce JSR ɗinka yana $8010 kuma ka fara shirin da LDX #$FF da TXS, masu saita sitak ya fara daga $01FF. Za ta rubuta 80 a $01FF, ta rubuta 12 a $01FE, kuma bayan RTS ta ci gaba daga $8013. Idan bit ɗaya ya gurɓace a cikin bayit biyun, furosesa za ta dira a wani wuri dabam ta fara cin duk abin da ta tarar a matsayin umarni. Shirmen da tsayawar da kake gani ke nan.

Kuskure na farko: RAM bai san agogo ba

Nan ne zan daɗe, domin shi ne abin da ya fi kayar da masu harhaɗa 6502. Kowane zagayen agogo rabi biyu ne. A rabin farko layin agogo PHI2, ƙafa ta 37 ta furosesa, yana ƙasa, kuma a lokacin ne furosesa take sauya adireshi da layin RW, mai nuna karatu za ta yi ko rubutu. Layukan adireshi 16 ba sa sauyawa a tare daidai wa daida. Wani yakan riga wani da 'yan nanosakan, balle a allon gwaji inda wata waya ta ninka wata tsawo. A rabi na biyu PHI2 ya hau sama, adireshi ya natsu, bayit ɗin da za a rubuta ya fito kan layukan data. Wannan rabin na biyu kaɗai ne lokacin da ya halatta a yi rubutu.

Shi kuwa 62256 ba shi da ƙafar agogo sam. Dokarsa ɗaya ce: duk lokacin da CE (ƙafar zaɓen IC) da WE (ƙafar izinin rubutu) suka sauka ƙasa tare, rubutu ya fara, kuma abin da ke kan layukan data lokacin da ɗayansu ya tashi shi zai riƙe. Takardar bayanin IC ɗin tana buƙatar adireshi ya tsaya cik tun daga farkon rubutun har ƙarshensa. Kai kuma ka ba WE layin RW kai tsaye, wanda yake sauka a daidai lokacin da adireshi ke tsaka da sauyawa, kuma yake tashi a lokacin da adireshin zagaye na gaba ya fara shigowa. Kamar ɗan aike ne da ya fara miƙa saƙo tun yana kan hanya, kafin ya kai ƙofar gidan da aka aike shi. Wani abin zai faɗa gidan maƙwabta.

JSR ya ƙara dagula lamarin, domin rubutunsa biyu a jere suke, zagaye bayan zagaye. Tsakanin rubutun $01FF da na $01FE layin RW ba ya tashi, yana nan ƙasa. A wurin RAM ɗinka ke nan rubutu ɗaya ne dogo wanda adireshi da data suka canza a tsakiyarsa. Wani lokaci ya tsira, wani lokaci bayit na biyu ya taka na farko. Shi ya sa matsalar take zuwa ta tafi, kuma shi ya sa canza IC bai canza komai ba. Rage gudun agogo ma ba ya warkar da wannan, domin ɓarnar a bakin sauyawa take faruwa, kuma saurin sauyawar ɗaya ne ko agogo na bugawa sau ɗaya a daƙiƙa ko sau miliyan.

Maganin IC ɗaya ne mai araha, 74HC00, mai ƙofofin NAND huɗu. Ƙofa ta farko ka ba ta RW a ƙafafun shigarta biyu, ta juya shi. Ta biyu ka ba ta wannan juyayyen RW ɗin da PHI2, fitarta ta tafi WE na RAM, ƙafa ta 27. Yanzu WE ba zai sauka ba sai PHI2 yana sama kuma furosesa na rubutu, kuma dole ya tashi a ƙarshen kowane zagaye. Ƙofa ta uku ka ba ta RW da PHI2, fitarta ta tafi OE, ƙafar izinin karatu, ta 22, a madadin giraun ɗin da ka kai ta. Ta huɗu ta juya A15 domin CE na EEPROM. Wasu suna saka PHI2 ɗin a CE na RAM maimakon WE, kuma a 1 MHz wannan ma yana aiki. Ni dai na fi son raba karatu da rubutu, domin yana sauƙaƙa bincike daga baya. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka gauraya PHI2 cikin ƙafafun zaɓi na 65C22. Shi yana da tasa ƙafar agogon, kuma yana so a zaɓe shi tun kafin PHI2 ya hau.

Masu amfani da furosesa Z80 ba su cika shan wannan wahalar ba, domin furosesar da kanta take fitar da layukan neman memori, karatu da rubutu (MREQ da RD da WR) daban-daban.

Kuskure na biyu: baki biyu a layi ɗaya

Da ka haɗa CE da A15 kaɗai, RAM yana amsa duk adireshin da ke tsakanin $0000 da $7FFF. To $6000 na 65C22 yana ciki. Idan furosesa ta yi rubutu a $6000, duka biyun suna karɓa, wannan babu illa. Amma idan ta nemi karatu, duka biyun za su hau layukan data a lokaci guda, wani na jan layi sama wani na jan sa ƙasa. Abin da ya isa furosesa ba na kowa ba ne, wuta kuma tana zuba tsakanin IC biyu, har ka ji ɗayansu ya ɗau ɗumi. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙofar OR ɗaya daga 74HC32: ba ta A15 da A14, fitarta ta tafi CE, ƙafa ta 20. RAM zai koma amsa $0000 zuwa $3FFF kaɗai. Ka rasa rabinsa, amma 16K ya fi ƙarfin duk shirin da za ka rubuta a wannan matakin. Idan kana son tsari mai kyau na gaba, 74HC138 a kan A13, A14 da A15 zai yanka maka taswirar gida takwas, 8K kowanne.

Wannan ya kawo mu kan batun 1 MHz, inda nake ganin kana ɗora wa RAM laifin da ba nasa ba. A wannan gudun, rabin zagaye nanosakan 500 ne. RAM 62256 da ake samu yanzu yana amsawa cikin nanosakan 55 ko 70, AT28C256 kuma 150. Duka biyun suna da sarari har ya yi yawa. Wanda ba ya iya bin gudun shi ne LCD. Kwantirolarsa, HD44780 ko 'yan'uwanta, tana buƙatar kusan mikirosakan 37 ga yawancin umarni, goge allo kuma milisakan 1.52, alhali STA ɗinka, umarnin da ke miƙa bayit, mikirosakan 4 kawai yake ci. Da 555 ba ka lura ba domin furosesa tana rarrafe. Da kiristal dole ko ka saka jinkiri a shirin, ko ka riƙa karanta alamar da LCD ke ɗagawa cewa yana kan aiki. Karanta alamar kuwa ta 65C22 ake yi, wato daidai karatun da RAM ɗinka yake tsoma wa baki. Ka ga yadda kurakuran suka sarƙe.

Wuta, ƙafafu da ƙurar hunturu

Idan ka gyara waɗannan biyun abu bai daidaita ba, koma kan wuta. Kada ka auna a bakin caja. Ɗora tsinken mita a ƙafa ta 28 da ta 14 na RAM ɗin kansa, kwamfutar tana kunne. AT28C256 yana son 4.5V zuwa 5.5V, kuma ni idan na ga ƙasa da 4.75V a kan IC hankalina ba ya kwanciya. Cajar waya mai arha da siririyar igiya takan nuna 5V ba kaya, da an ɗora mata LCD da ƙwayayen LED sai ta zube. Idan IC mai daidaita wuta 7805 kake amfani da shi, yana buƙatar wajen 7V a shigarsa. Kada ka jera alluna wuta na bi daga wannan zuwa wancan kamar sarƙa. Kai wa kowane allo tasa wayar daga tushe. Wasu allunan ma layin wutarsu a yanke yake a tsakiya, sai ka ɗinke shi da guntuwar waya. Kowane IC ka ba shi kafasita 100 nF, mai lamba 104 a jiki, a kusa da ƙafar wutarsa gwargwadon iko, sannan babba ɗaya kamar 100 µF a inda wuta ke shigowa. Rashin ƙananan kafasitocin nan yana daga cikin abubuwan da ke sa allo ya yi aiki a hankali ya ƙi a guje.

Duba kuma ƙafafun furosesa da ba ka amfani da su. Ƙafar shigar CMOS da aka bari a sake tana ɗaukar duk abin da ke yawo a iska, har kusantowar hannunka. BE, ƙafa ta 36, idan tana lilo furosesa za ta riƙa sakin layukan adireshi da na data ba gaira ba dalili, kuma kamannin wannan da na mataccen memori ɗaya ne. Kai ta 5V, haka IRQB da NMIB da SOB. RDY, ƙafa ta 2, ta rezista za ka ɗaga ta, kamar 3.3k, domin furosesa da kanta takan ja ta ƙasa. A EEPROM kuma ƙafa ta 27 dole ta zauna a 5V.

Akwai wani allo da wani ɗalibi ya kawo mini da ƙorafi irin naka. Haɗinsa daidai yake a takarda, agogo a WE, komai tsaf, amma shirin yakan tafi daidai sai an kira wani ƙaramin shiri guda, nan take ya ɓace. Da muka zare RAM ɗin muka juya shi, sai ga ƙafa ta 25 ta lanƙwashe ta kwanta a cikin IC ɗin, ba ta taɓa shiga rami ba. Daga sama ba ka ganin komai. Ƙafar nan ita ce A8, ita ce ke bambanta $00FF da $01FF. Ba tare da ita ba, shafin sifili da sitak sun zama wuri ɗaya, kuma ƙaramin shirin nan yana ajiye lissafinsa a $FE da $FF, wato yana goge adireshin komawarsa da hannunsa. Sabon IC ƙafafunsa a buɗe suke zuwa, sai ka kwantar da gefensa a kan tebur ka ɗan danna su miƙe kafin ka cusa. Idan za ka yi gwajin ƙarar mita, kashe wuta, ka taɓa ƙafar furosesa da ƙafar RAM su kansu, ba ramin da ke kusa da su ba, sannan ka gwada kowace ƙafa da maƙwabciyarta ko sun haɗe.

Wayar ma tana da nata. Da yawa muna fere igiyar intanet mu yi amfani da silin cikinta, amma lamba 24 ce, ta fi lamba 22 da allon ke so siranta, kuma a tsohon allo da ramukansa suka saki ba ta kamawa. Wayoyin nan masu kan roba da ake sayarwa a damƙe sukan tsinke daga ciki alhali waje lafiya. Sai yanayinmu: daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu a Gombe da Bauchi ta bushe ƙarau, ka tashi daga kujerar roba ka taɓa ƙofa ka ji tsit. Wannan tsit ɗin yana iya raunata IC. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa allo, ka ajiye IC a baƙin soson da yake zuwa da shi ko a nannaɗe da takardar alminiyam, ba cikin leda ba. Ka riƙa rufe allon, domin ƙura tana shiga ramuka.

Yadda za ka kama ɓarawon da idonka

W65C02 na kamfanin Western Design Center yana da wata falala da na 1975 ba shi da ita: kana iya tsayar da agogonsa gaba ɗaya bai manta komai ba. Yi amfani da wannan. Samu Arduino Mega, wani ƙaramin allo ne da ake rubuta wa shiri daga kwamfuta, ka haɗa layukan adireshi 16, na data 8, da RW, ka sa ya buga su a allon kwamfutarka duk bugun agogo. Fara da zare EEPROM da RAM da 65C22, ka ɗaure layukan data da rezistoci su ba da EA, wato 11101010, umarnin da ba ya yin komai. Bayan riset za ka ga ta karanta $FFFC da $FFFD, ta tafi $EAEA, ta riƙa hawa ɗaya-ɗaya. Idan ƙirgar tana tsalle, matsalar ba ta kai ga memori ba ma. Idan ta tafi daidai, mayar da EEPROM, sannan RAM, ka bi JSR ɗaya da ido: abin da aka rubuta a $01FF da $01FE shi ne RTS ya karanto?

Daga nan rubuta shirin gwajin RAM wanda shi kansa bai dogara da RAM ba: babu JSR, babu PHA mai ajiya a sitak, rijistocin A, X da Y kawai, sakamako kuma ya fita a LED ta 65C22. Fara da adireshi ɗaya, ka rubuta 01, 02, 04, har 80, kana karantawa bayan kowanne. Wannan zai nuna layin data da ya yanke ko ya manne da wani. Idan ka karanta $2000 ka samu 20, ka karanta $0300 ka samu 03, to babu wanda ya amsa, ragowar bayit ɗin ƙarshe ne da ya rage a kan layi, sai ka bi CE da OE. Sannan gwajin adireshi: rubuta lamba daban-daban a $0000, $0001, $0002, $0004, $0008, kana ninkawa har $2000, sai ka gama rubuta duka kafin ka dawo karatu. Wanda ka tarar ya ɗauki lambar wani, layinsa ne mai ciwo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta a karanta nan take, wuri bayan wuri. Irin wannan gwajin, allon ɗalibin can mai lanƙwasasshiyar ƙafa ma zai tsallake shi lafiya.

Wani abin da zai rage maka wahala: idan ka musanya layukan adireshi biyu a RAM, ko na data biyu, babu abin da zai faru, domin ta hanyar da aka rubuta ta nan za a karanto. A EEPROM ne musanya take kisa, tunda na'urar da ta rubuta shi ta bi tsarin ƙafafu na gaskiya. Ƙafafun kuma ba a jere suke ba: A10 tana 21, A11 tana 23, A9 tana 24, A8 tana 25, A13 tana 26, A14 kuma can a ƙafa ta 1.

Idan har IC ɗin ne

Jabu yana nan, ban ce babu ba. Akwai tsofaffin IC da ake cirowa daga matattun na'urori a goge bayansu a sake buga lamba. Auduga da ɗan asiton takan ɗebo baƙin fentin. Karanta lambar da kyau kuma, domin 6264 ƙafa 28 ne shi ma, amma 8K ne, kuma ƙafarsa ta 26 ƙafar zaɓi ce ta biyu mai son sama. Ka saka shi a gurbin 62256, ba zai farka ba sai A13 ya hau, sitak kuwa yana inda A13 ke ƙasa. Haka 27C256 ba ya zama a gurbin 28C256 kai tsaye, domin A14 ɗinsa a ƙafa ta 27 take. Hukunci na ƙarshe shi ne ka zare RAM ka haɗa shi da Arduino Mega shi kaɗai, layuka 26 ne duka, ka cika dukkan gurabe 32,768 da 55, ka karanta, ka sake da AA, sannan da lambar da ta bambanta daga gurbi zuwa gurbi. Wanda ya ci wannan ba jabu ba ne.

Daga nan Bauchi ba na ganin allonka, kuma mita da Arduino suna da iyaka: tartsatsin nanosakan 10 a layin WE ba za su nuna maka shi ba, sai osiloskof, wanda za ka iya nema a ɗakin gwajin makarantarku. Fara da 74HC00 da 74HC32, ka saka jinkirin LCD, ka auna wuta a ƙafa ta 28. Idan har yanzu tana gardama, turo mini hoton allon daga sama da rana, da layukan da Arduino ya buga tun daga riset har zuwa RTS na farko.